Ganuwar Kano Tsakanin Dokar Kayan Tarihi da Dokar Tsara Gari

Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a cikin wannan maƙala shi ne ganuwar birnin Kano. An riga an yi rubuce-rubuce masu kyau a kan tsayinta da ƙofofinta, musamman littafin H.L.B. Moody na 1969 da binciken Bawuro Barkindo na 1983, saboda haka ba zan tsaya maimaita aikinsu ba. Tambayar da ta dame ni ita ce, yaya aka yi ginin ƙasa ya shekara wajen 800 a tsaye ba tare da wata rubutacciyar doka mai kare shi ba, sa'an nan ya zo ya zube a daidai zamanin da aka fi yi masa dokoki?

Tun da mujallar masu nazarin harshe ce, bari in fara da kalmomi biyu. Ganuwa ita ce katangar da ta kewaye gari. Badala kuwa, a asali, ita ce 'yar dakalin nan da ake yi ta ciki a jikin ganuwa, inda maharba suke tsayawa su yi harbi. Yau Bakano ya kan kira abin gaba ɗaya badala, kuma ni ban ga laifinsa ba, don kuwa a wurare da yawa tudun da ya rage bai wuce tsayin badalar ba.

Yadda aka gina ta da yadda aka riƙe ta

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda kuma fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ya sa harsashin ganuwar, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Wannan ta farko ta kewaye Dutsen Dala ne da unguwannin da ke gindinsa, tana da ƙofofi takwas. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta wajen kudu da gabas lokacin da ya gina sabuwar fada, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Wata faɗaɗawar kuma an yi ta ne a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623), a hannun Wambai Giwa, wanda ya ja ganuwar ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har ta haɗe da Kansakali, yana fitar da abinci da shanu kullum domin masu aiki, alhali Sarki yana wajen yaƙi. Ladan da ya samu shi ne tuɓewa, don an ji tsoron mutumin da zai iya tara jama'a haka.

A lura da abu ɗaya a nan. Duk sarkin da ya faɗaɗa ganuwa ya kan haɗa da fili mai yawa wanda babu gida ko ɗaya a cikinsa. Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba, sauran gonaki ne da fadamu. Barth ma ya ga haka a 1851. Dalili a fili yake: in abokan gaba suka kewaye gari, mutanen ƙauyuka za su shigo da dabbobinsu, kuma dole a sami inda za a yi shuka da kiwo. Watau ganuwa ita kanta tsarin gari ce. Ita ta yanke inda birni ya tsaya, ƙofofinta suka yanke inda hanyoyi za su bi su haɗu a kasuwa, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini kuma suka zama matattarar ruwan sama.

Ginin ƙasa ba ya son sakaci. Kowace damina sai ta ci wani abu a jikinsa, saboda haka kowace kaka sai an yi yaɓe. Wannan aiki na gayya ne, hukuma ce take raba shi ga jama'a, magina suna jagora. Kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, mai rufewa da dare ya buɗe da safe, wanda gidansa yake nan kusa, idonsa kuma yana kan duk wanda zai taɓa katangar. Ba a bukatar a rubuta wa kowa cewa kada ya ɗebi ƙasar ganuwa ya yi tubali, don wanda ya yi haka ya buɗe wa mahara hanya zuwa ɗakin uwarsa. Abin da ya kare ganuwar ke nan: tana da amfani, tana da mai ita, kuma mai ita yana kwana kusa da ita.

1903 da abin da ya biyo baya

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa da igwa suka shiga ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarki Alu kuwa yana kan tafiyar Sakkwato. Gwamna Lugga da ya iso ya yi mamakin abin da ya gani. A rahotonsa ya ba da kewayen ganuwar mil 11, ƙofofi 13, tsayi ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindi kuma wajen ƙafa 40, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Amma daga wannan rana aikin da aka gina ta dominsa ya ƙare. Babu sauran hari, babu dalilin rufe ƙofa da dare, sannu a hankali kuma gayyar yaɓe ta mutu.

Duk da haka ganuwar ba ta zube nan da nan ba, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Turawa ba su zauna a cikin birni ba. Sun bar shi a hannun Sarki da En'e, suka kafa nasu wuraren a waje ta gabas: Nasarawa, Bompai, tashar jirgin ƙasa bayan da dogo ya iso a 1911, da Sabon Gari domin baƙi 'yan kudu. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabo. Har ma akwai ƙa'idar barin fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Babu wanda ya yi wa ganuwa irin wannan gata, amma da yake duk hada-hadar kantuna da sito-sito da dalar gyaɗa ta koma waje, sai birni ya sami sauƙin matsi na shekaru masu yawa. Sababbin ƙofofin da aka fasa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), watau Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo, an fasa su ne don bukata takamaimiya, sauran katangar kuma aka bar ta yadda take. A ƙidayar 1952 mutanen Kano duka ba su wuce 130,000 da wani abu ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun doshi mutum miliyan 3. Duk wanda zai yi maganar ganuwa ya manta da waɗannan alƙaluma biyu, to, bai yi wa kowa adalci ba.

Dokoki biyu da ba su gaisa ba

A nan ne gizo yake saƙa. A 1946 aka yi dokar tsara birane da karkara ta Nijeriya, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932. Cikin abubuwan da ta yarda hukumar tsara gari ta yi har da kiyaye gine-gine masu darajar tarihi. A 1953 kuma aka yi wata doka dabam ta kayan tarihi, bisa ƙoƙarin irin su Kenneth Murray da Bernard Fagg, aka kafa hukumar da za ta riƙa ayyana wurare a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Ta wannan hanya aka ayyana Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, a 1956, da Gidan Makama na Kano a 1959, aka kuma sa wasu sassa na ganuwar Kano da ƙofofinta cikin jerin. To, tun daga farko sai aka sami ofis biyu: ɗaya yana da ikon cewa wannan gini na tarihi ne, ɗaya yana da ikon cewa a yi gini a nan ko a fitar da titi ta can.

Kano ta sami babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B.A.W. Trevallion ya shirya. Kafin wa'adinsa ya cika abubuwa da yawa sun sauya. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur ya shigo, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Sa'an nan a watan Maris 1978 gwamnatin soja ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ne kuma mai ba da takardar shaidar mallaka a cikin birane. A ganina wannan ita ce dokar da ta fi kowace tasiri a kan ganuwa, ko da yake ba ta ambaci sunanta ba. Kafin nan, fili a cikin birni sai da sanin mai unguwa da dagaci da fada. Bayan nan, gindin ganuwa da ramin da ke bayanta suka zama fili kamar kowane fili, abin da safiyo zai iya aunawa ya yanka fuloti.

Shekara guda bayan haka, a 1979, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 77. Dokar ta haramta rushe ko ɓata ko haƙa abin da aka ayyana, ta sa tarar naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin, ko ɗaurin wata 12. A 1979 naira 1,000 kuɗi ne, don a lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja. Amma haka adadin ya wuce cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ga shi yau ba ya sayen buhun siminti ɗaya. Batun ninki biyu na daraja kuwa, wane ɗan kasuwa ne zai yi wa aikin Gijimasu kuɗi?

An yi yunƙurin haɗa ofisoshin biyu a dokar tsara birane ta 1992, mai lamba 88. Ta umarci sashen da ke ba da izinin gini ya tara jerin gine-gine masu darajar tarihi, ya kuma hana a rushe su ko a sauya musu kama ba da izini ba. Wannan ita ce hanyar da Ingila ta bi tun 1947, ta ƙara da keɓe unguwanni sukutum a 1967. Faransa kuwa tun 1943 ta ce duk ginin da za a yi cikin mita 500 daga abin tarihi, in ana hangen juna, sai jami'in kula da kayan tarihi ya sa hannu. Hikimar ita ce a tare ɓarna a kan tebur, ranar da mutum ya kawo zanen gininsa, tun bai sayi bulo ba.

Sai dai dokar 1992 ba ta yi tsawon rai da ƙarfinta ba. Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, tarayya ba ta da iko a kansa sai a Abuja. Ta fuskar tsarin mulki hukuncin yana da hujja. Amma duba inda ya bar ganuwa. Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da kayan tarihin ƙasa a hannun tarayya. Ƙasar da abin yake tsaye a kanta tana hannun gwamna. Izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, wadda a Kano aka yi ta sauya wa suna, ta zama KASEPPA, daga baya KNUPDA. Masarauta, wadda kakanninta suka gina abin, ba ta da komai a doka sai nasiha. Jami'in gidan tarihi yana iya rubuta takardar ƙorafi, amma ba shi da katafila, ba shi da ɗan sanda, kuma ba a bukatar sa hannunsa kafin a ba da fuloti.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na Kano ne kaɗai. Gidan Ilojo da ke tsibirin Legas, ginin salon Barazil wanda aka ayyana tun 1956, an wayi gari an baje shi ƙasa a watan Satumba 2016, yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

Abin da ya faru a ƙasa

Ganuwar Kano ba a rana ɗaya aka rushe ta ba, gutsurarta aka yi ta yi. Mai gyaran katangar gidansa ya aiko da jaki a ɗebo masa ƙasa. Mai shara ya mai da ramin bayan ganuwa juji, in ya cika sai wani ya daddale ya kafa rumfa, rumfa ta zama kes, kes ya zama shago na bulo. Makanikai suka share gindinta suka yi gareji. Inda dā gonaki ne a cikin birni aka yi awon igiya, gidaje suka matso har suka jingina da katangar, mai gida kuma ya ga ba shi da hanyar fita sai ya fasa ta. Waɗannan duka ƙananan ɓarna ne na talaka. Manyan kuwa da takarda aka yi su, da hatimi da lambar fayil.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Ƙofar Na'isa. A 2007 Nijeriya ta miƙa sunan ganuwar, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Shekara uku kacal bayan haka, a 2010, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, hukumar gidajen tarihi tana kuka. An gina wata a madadinta, kamar yadda aka yi wa yawancin ƙofofin, da siminti da rodi, aka yi mata zanko da zane irin na gargajiya. Ba na cewa ba su da kyau. Amma wanda ya bi ta cikinsu bai bi ta inda ayarin Agalawa ya bi ba, kuma ba zai san cewa ƙofar asali 'yar matsattsiya ce da gangan, mai duhu, yadda mahaya ba za su iya kutsowa a jere ba.

A nan dole in tsaya in saurari ɗaya ɓangaren. Mutumin da ke zaune a Gwale ko Mandawari yana da haƙƙin motar asibiti da ta kashe gobara su iso ƙofar gidansa. Ƙofar da aka yi don raƙumi ba za ta ɗauki tirela ba. Wanda yake haya da 'ya'ya takwas a ɗaki biyu, in ka ce masa tudun ƙasar nan ya fi shi cancantar fili, zai dube ka ne kawai. Ni ban yarda da masu son a mai da birni gidan kallo ba. Abin da nake cewa shi ne, rikicin titi da ƙofa irin rikicin da aka ƙirƙiri tsara gari don warwarewa ne. Titi yana iya ratsawa ta gefe, inda katangar ta riga ta zube, a bar tsohuwar ƙofa ga masu tafiya a ƙasa. Bambancin kuɗin ba shi da yawa in an yanke shawarar tun a kan taswira. Bayan an ba ɗan kwangila aiki kuwa, sai ihu bayan hari.

Rusau ɗin 2023 ya nuna tsadar gyara daga baya. A watan Yuni na shekarar sabuwar gwamnatin jiha ta shiga rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a, har gwamna ya ce za a yi amfani da ɓaraguzan wajen gyaran ganuwa. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta umarci a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ba shiga siyasar wa ya yi daidai zan yi ba. Abin lura shi ne gwamnati ɗaya ta ba da takarda, wata ta aiko da katafila, kotu ta ce a biya, kuɗin kuma daga aljihun jama'a zai fito. Ga shi kuma ɓaraguzan siminti ba sa zama ganuwa. Ganuwa jar ƙasa ce da aka cuɗa aka ɗora sahu-sahu, mai son maginin da ya san halinta.

Darasi daga Agadas

Ba sai mun je Turai ba. A 2013 UNESCO ta amince da tsohon garin Agadas a Jamhuriyar Nijar, garin ginin ƙasa mai hasumiyar masallaci ta mita 27. Kafin a kai ga haka sai da aka shata iyakar tsohon garin a kan taswira, kimanin hekta 78, aka kewaye shi da wani yanki na kariya mai kimanin hekta 98, aka yi ƙa'idojin gini na musamman domin wurin, aka kuma sa fadar Sarkin Abzin cikin masu sa ido. Agadas tana da nata matsalolin, ruwan sama mai ƙarfi da sha'awar siminti suna damun ta kamar kowa, kuma ba ta kai ko kusa da Kano yawan jama'a ba. Amma akwai layi a kan takarda wanda mai ba da izinin gini ya san da shi. Nijeriya ma ta yi irin wannan aiki a Sukur, wadda aka amince da ita a 1999, da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 take jerin masu jira.

In da za a tambaye ni ta ina za a fara, sai in ce da awo. A bi sawun ganuwar daga Ƙofar Nasarawa a zagayo ta Ɗan'agundi, Gadon Ƙaya, Kabuga, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai har Ƙofar Mata, a rubuta inda take tsaye, da inda ta zama tudu, da inda sai suna. A sa wannan a taswirar da ofishin filaye yake aiki da ita, majalisar jiha kuma ta yi doka, tun da Kotun Ƙoli ta ce huruminta ne, cewa ba za a ba da takardar mallaka ko izinin gini cikin wasu mitoci daga layin ba sai hukumar gidajen tarihi da masarauta sun sa hannu. Gidajen da suka riga suka zauna a bar masu su, don korar dubban mutane saboda katangar da babu ita zalunci ne. Sassan da suka rage a tsaye, musamman ta kudu da yamma, su za a zuba wa ƙarfi, a ware musu kuɗin yaɓe kowace shekara kamar yadda ake ware wa kwalta.

Akwai kuma wani ɓangare na awon da safiyo ba zai iya ba, sai mu. Zuriyar sarakunan ƙofa suna nan, tsofaffin magina suna nan, akwai dattawan da suka yi wasa a kan badala tana da tsayinta, sun san sunan kowane kududdufi da aka cike da inda ruwansa yake bi. Ɗalibin Hausa da ke neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar ƙofa ɗaya tak, ya fara da tsofaffin ƙyamaren da aka ajiye a Gidan Makama, sa'an nan ya tafi unguwar da aka ciro su da na'urar ɗaukar magana.